Kafin a Sayar da Fili Don Yaro Ya Zama Matuƙin Jirgin Sama: Abin da Ya Kamata a Sani



A 'yan shekarun nan, idan aka tambayi yaranmu na nan Kudu abin da suke son zama, tuƙin jirgin sama ya shigo sahun gaba. Ba abin mamaki ba ne. Yaron da ya tashi a Agege ko Oshodi, a kansa jirage ke wucewa dare da rana za su sauka filin Murtala Muhammed na Ikeja. Na Fatakwal da Warri kuma kullum suna ganin masu saukar ungulu na jigilar ma'aikatan mai zuwa cikin teku. Sannan Allah ya buɗa wa wasu iyayenmu a Kara da Mile 12 da Alaba Rago da wajen canji, har mutum zai iya tunanin biya wa ɗansa wannan karatu.

Shi ya sa na ga ya dace in tattara abin da ke cikin harkar wuri ɗaya. Maganata guda ce: lasisi daban, aiki daban. Tsakaninsu akwai rata mai cin kuɗi da shekaru, kuma a nan ne yawancin gidaje ke maƙalewa. Duk mai son shiga, ya fara auna lafiyar yaron, sannan kuɗin da zai kai shi har ƙarshe, sannan haƙurin jiran aiki. A bi su a jere yadda na faɗa, domin na farkon ya fi arha.

Matakan lasisi

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ita ce ke bayar da lasisin tuƙi a Najeriya, tana bin ƙa'idojin hukumar duniya ta ICAO mai hedikwata a Montreal ta Kanada. Ba a tsallake mataki.

Da farko akwai takardar ɗalibi, wadda da ita yaro zai fara tashi tare da malami har ranar da za a bar shi ya tashi shi kaɗai. Sai lasisin PPL, na tuƙin ƙashin kai. Ana samunsa daga shekara 17, bayan aƙalla awa 40 a sama. Mai PPL zai iya ɗaukar iyalinsa ko abokansa, amma doka ta hana a biya shi kuɗin tuƙi. A lura da wannan sosai, don akwai wanda kuɗinsa ke ƙarewa a nan, ya dawo gida ana kiransa matuƙi alhali ba kamfanin da zai iya ɗaukarsa.

Na gaba shi ne CPL, lasisin tuƙi na sana'a, daga shekara 18, da kimanin awa 200 a sama. Tare da shi ana buƙatar ƙarin shaida biyu: ta iya tuƙi da na'urori kaɗai lokacin da ba a ganin waje saboda gajimare ko hazo, da ta iya tuƙa jirgi mai inji fiye da ɗaya. Da waɗannan ne mutum zai iya neman kujerar mataimakin matuƙi.

Na ƙarshe shi ne ATPL, wanda sai da shi ake zama kyaftin na babban jirgin fasinja. Sharaɗinsa shekara 21 da awa 1,500. Wato tsakanin ranar kammala makaranta da wannan lasisi akwai awa kusan 1,300 da sai a bakin aiki ake tara su.

A fara da likita

Wannan ita ce shawarar da na fi so a riƙe. Kafin a biya ko sisi a makaranta, a kai yaro gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya, wanda matuƙan sana'a ke yi. Ba kowane asibiti ke yinsa ba, likitocin da NCAA ta amince da su ne kaɗai, kuma akwai su a Legas. Za a duba ido da kunne da zuciya da hawan jini da jini da fitsari.

Sanya tabarau ba ya hana tuƙi matuƙar yana gyara ganin yadda ake so. Abin da ya fi kayar da yara ba su sani ba shi ne rashin bambance launi, musamman ja da kore, domin fitilun titin jirgi da na cikin ɗakin matuƙi da launi suke magana. Yaro zai iya kai shekara 18 bai taɓa sanin yana da wannan matsala ba. Farfaɗiya da ciwon sikila da wasu cututtukan zuciya su ma kan rufe ƙofa.

Kuma gwajin ba na rana ɗaya ba ne. Duk shekara ake sabunta shi, idan shekaru suka ja a koma duk wata shida. Ranar da likita ya ce a'a, ranar aiki ya tsaya, ko da mutum kyaftin ne. Sannan ana gwajin giya da ƙwaya ba tare da sanarwa ba. Yaron da ke taɓa tiramadol ko kodin ko wiwi, wallahi gara a yi maganin wannan tukuna kafin a yi zancen jirgi.

Takardun makaranta da Turanci

Ba sai da digiri ake shiga makarantar tuƙi ba. Abin da aka saba nema shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da fiziks, sai jarrabawar shiga da ganawa. Karatun ƙasa yana da nauyi: dokokin sama, yanayi, taswira da lissafin hanya, yadda inji ke aiki, lissafin nauyi da mai. Wanda ba ya son zama da littafi zai sha wuya.

Turanci kuwa dole ne, domin da shi matuƙi ke magana da hasumiya a duk duniya. ICAO ta kasa iya Turancin matuƙa mataki shida, kuma sai an kai mataki na 4 ake barin mutum ya yi aiki. Yaranmu da suka tashi a Kudu suna da ɗan rinjaye a nan don bakinsu ya saba, amma fa burokan ɗin tasha ba shi ake nufi ba. Ana son magana a fili, a taƙaice, wadda Bahabashe ko Balarabe da ke hasumiya zai gane cikin daƙiƙa.

Ni a ganina, idan da hali, yaro ya haɗa da digiri ko wata sana'a. Sana'ar da takardar likita ɗaya ke iya tsayar da ita tana buƙatar madogara ta biyu.

Ina ake koyo?

A cikin gida, babbar makaranta ita ce kwalejin NCAT da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, mallakar gwamnatin tarayya. Matuƙan Najeriya masu yawa daga can suka fito, kuma a yanzu tana koyarwa da ƙananan jirage samfurin Diamond. Akwai kuma kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Ilori da gwamnatin Jihar Kwara ta kafa, wadda ta fi kusa da mutanenmu na Ibadan da Ogbomosho da Shagamu. A takarda, karatun daga farko zuwa CPL bai wuce kimanin shekara biyu ba. A aikace yakan ja, saboda hazon hunturu da ruwan damina da lalacewar jirage da ƙarancin mai.

A waje, 'yan Najeriya sun fi zuwa Afirka ta Kudu da Amurka, musamman jihar Florida, wasu kuma Habasha, inda kamfanin Ethiopian Airlines ke da makarantarsa a Addis Ababa. Can an fi saurin gamawa saboda yawan jirage, sai dai da dala ake biya, ga kuɗin masauki da abinci da biza. Wanda ya dawo da lasisin waje kuma sai ya bi ta NCAA an mayar masa da shi na Najeriya, da jarrabawa da kuɗinta.

Ko wace makaranta ce, a yi mata waɗannan tambayoyi kafin a biya. Hukumar ƙasar ta amince da ita? Jirage nawa ne ke tashi a yau, ban da waɗanda ke ajiye? Malamai nawa, ɗalibai nawa? Rukunin da ya fita na ƙarshe, wata nawa ya ɗauka? Idan yaro ya buƙaci ƙarin awanni, wa zai biya? A nemi wanda ya gama can a ji daga bakinsa. Kuma kar a zuba kuɗin gaba ɗaya a hannun ejan, a riƙa biyan makaranta kai tsaye, mataki bayan mataki.

Lissafin kuɗi

Farashi yana canzawa kusan duk shekara, don haka a karɓi na yanzu a rubuce daga makarantar. Abin da za a riƙe shi ne, a gida maganar miliyoyin naira masu yawa ake yi, a waje kuma dubban daloli goma-goma. Dalili kuwa kusan komai na jirgi daga waje yake zuwa: kayan gyara da inshora da shi kansa jirgin.

Mutanenmu 'yan canji sun fi kowa gane haɗarin da ke nan. Kafin watan Yuni na 2023, dala tana wajen naira 750 a kasuwa. Zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Mu ɗauka, a misali, makaranta ta ce dala 50,000. A farashin farko naira miliyan 37.5 ke nan, a na biyu miliyan 75. Uban da ya yi lissafi da farashin farko ya tura ɗansa, kafin yaro ya kai rabi kuɗin ya ninka. Kuma rabin karatun tuƙi ba ya sayuwa. Wanda ya tsaya a awa 120 ba shi da abin nunawa, idan kuma ya daɗe bai tashi ba hannunsa zai yi sanyi, sai an sake biyan awannin maimaici.

Saboda haka kar a fara da kuɗin zangon farko ana cewa sauran Allah zai kawo. Allah yana kawowa, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ratar da ke tsakanin lasisi da aiki

To, ga inda gizo ke saƙa. Yaro ya gama, ga CPL a hannu da awa 200. Duk abin da ya tuƙa ƙaramin jirgi ne mai kujera huɗu. Kamfanonin fasinja kuwa da Boeing 737 da Embraer da Airbus A220 da ATR suke aiki, kuma kowane samfuri yana da horonsa da shaidarsa daban, wadda 'yan harkar ke kira taif retin. Ana yin horon a na'urar kwaikwayon tuƙi, galibi a ƙasar waje, kuma kuɗinsa yakan haura dala 10,000 nesa ba kusa ba. Wani kamfanin yakan biya wa yaro ya ɗaure shi da yarjejeniyar shekaru. Wani kuma cewa zai yi ka zo da abinka. Wanda ya biya wa kansa horon Boeing, aiki ya fito a kamfani mai Embraer, ya koma farko. Shaidar ma tana da wa'adi, idan ba a yi aiki da ita ba sai an sabunta.

Sannan kamfani ya fi son mai awanni da yawa, su kuma awanni sai da aiki ake samunsu. Wasu kamfanonin ma hayar jirgi suke yi daga waje tare da matuƙansa. Ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirage ta ƙasa, NAAPE, ta daɗe tana kuka kan matasa masu lasisi da ke zaune ba aiki.

A duba tarihin kamfanonin ma. Nigeria Airways ya daina tashi a 2003. Okada da Kabo da Chanchangi da Bellview da Air Nigeria duk sun yi zamaninsu. Hukumar AMCON ta karɓe Aero Contractors a 2016, ta karɓe Arik a watan Fabrairun 2017 saboda bashi. A 2020 korona ta rufe filayen jirage na watanni, matuƙa da yawa a duniya suka zauna a gida. Gaskiya ne sababbi na fitowa, irin su Air Peace da Ibom Air da United Nigeria da Rano Air, ga Max Air da ya daɗe a jigilar alhazai. Amma mai shiga wannan sana'a ya sa a ransa cewa zai iya canza kamfani fiye da sau ɗaya, ba don ya so ba.

Hanyoyin tara awanni sun haɗa da zama malamin tuƙi a makaranta da tuƙa jiragen haya na 'yan kasuwa. Akwai kuma ɓangaren masu saukar ungulu, inda kamfanoni irin su Bristow da Caverton ke yi wa kamfanonin mai aiki a Legas da yankin Neja Delta. Lasisinsa daban ne da na jirgi mai fiffike, don haka tun farko ake zaɓa.

Tallafin gwamnati da takardar asali

Gwamnatoci kan ɗauki nauyin wannan karatu lokaci zuwa lokaci. A wa'adinsa na biyu, tsakanin 2011 da 2015, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya tura matasan Kano 100 ƙasar Jodan koyon tuƙi. Shirin afuwa na Neja Delta da aka fara a 2009 zamanin Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa shi ma ya horar da matuƙa. A duka biyun an ga matsala iri ɗaya: matasa sun dawo da lasisi, da yawa suka daɗe suna jiran kujera saboda rashin horon samfurin jirgi. Don haka ko tallafi aka samu, a tambaya a ina ya tsaya.

Mu mazauna Kudu muna da tamu matsalar ta daban. Irin wannan tallafi da takardar asalin ƙaramar hukuma ake bayar da shi. Yaron da aka haifa a Sabon Ibadan ko Ama Hausa ta Owerri, jihar da ya tashi ba ta lissafa shi a ɗan ƙasa, can gida kuma wataƙila ba wanda ya san fuskarsa. Shawarata ga iyaye, a nemo wa yara takardar asali tun suna sakandare, a tabbatar suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a takardar haihuwa da NIN da WAEC da fasfo. A harkar jirgi, bambancin harafi ɗaya yana iya tsayar da mutum watanni.

Hanyar soja

Wanda ba shi da kuɗi amma yana da ƙoƙari da lafiya, akwai rundunar sojin sama ta hanyar makarantar NDA da ke Kaduna. Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin horon, kuma rundunar tana da makarantun tuƙi a Kaduna da Kano. Sai dai a san abu uku. Ana raba gurbin shiga ne jiha-jiha, ga maganar takardar asali ta sake dawowa. Ba duk wanda ya shiga sojin sama ake zaɓa ya zama matuƙi ba. Kuma soja soja ne: za a tura shi inda ake yaƙi, ba zai ajiye aiki ranar da ya ga dama ba. Wanda ya shiga don kawai ya samu lasisi kyauta ya tsere kamfani, ya yi kuskuren lissafi.

Yadda rayuwar aikin take

Farar riga da gilashi da jan akwati a filin jirgi, wannan shi ne abin da ake gani a Instagram. Abin da ba a gani shi ne tashin ƙarfe 4 na asuba don a tsallake go-sulo a kai Ikeja, da sauka huɗu ko biyar a rana, da kwanan otal. Ranar Sallah da Kirsimeti, lokacin da kowa ke tafiya gida, lokacin ne aiki ya fi yawa. Suna da biki da jana'iza da yawa za su wuce mutum yana sama. Duk wata shida ana mayar da matuƙi na'urar kwaikwayo a gwada shi da gobarar inji da mummunan yanayi, kuma ana faɗuwa. Ga nauyin rayukan mutane sama da 100 a bayansa, a hazon Kano ko hadarin Fatakwal. A shekara 65 kuma doka ta sauke shi daga jirgin fasinja.

A ɗaya gefen, wanda ya tsallake ya zama kyaftin yana samun albashi mai kyau da mutunci, kuma ƙwarewarsa tana da kasuwa a waje. Kamfanoni irin su Emirates da Qatar Airways suna ɗaukar matuƙa daga ƙasashe da yawa, amma masu dubban awanni. Sabon mataimaki kuwa kar a ɗora masa tsammanin zai mayar da kuɗin karatunsa a shekara ɗaya ko biyu.

'Ya'ya mata

Doka ba ta bambanta ba, sharuɗɗan ɗaya ne. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci a Najeriya, har shugabancin kwalejin Zariya ta yi. Marigayiya Hadiza Lantana Oboh ta kai matsayin kyaftin a Nigeria Airways. Abin da ya kamata gida ya tattauna tun wuri shi ne yanayin aikin, wato kwanan waje da hutun da juna biyu ke tilastawa, don kar a kashe kuɗi sannan maganar aure ta zo ta rushe komai.

Idan tuƙi bai yiwu ba

Filin jirgi ba matuƙa kaɗai ke ci a cikinsa ba. Akwai injiniyoyin gyaran jirgi, waɗanda sai sun sa hannu jirgi ke tashi. Akwai masu ba jirage hanya daga hasumiya a ƙarƙashin hukumar NAMA, da masu tsara tafiyar jirgi daga ƙasa, da ma'aikatan cikin jirgi, da masana yanayi na NiMet, da ma'aikatan filaye na FAAN. Kwalejin Zariya tana koyar da da yawa daga cikin waɗannan, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na tuƙi ba. Yaron da ido ya hana shi tuƙi, a binciki sharuɗɗan lafiyar kowanne, wani zai karɓe shi.

To, a shiga ko a haƙura?

Ga yadda nake ganin abin. A shiga idan yaro ya ci gwajin likita, yana da kai a lissafi da Turanci, shi da kansa yake so ba don a ce gidan Alhaji akwai matuƙi ba, kuma kuɗin da ke ƙasa zai kai shi har horon samfurin jirgi ba tare da an taɓa jarin kasuwa ko gidan da iyali ke ciki ba. A ƙara da tanadin abin da zai riƙe shi shekara ɗaya ko biyu yana jiran kira.

A dakata idan sai an sayar da gida, ko an ci bashi mai wa'adi, ko an cire ƙannensa daga makaranta. A irin wannan hali gara ya yi digirinsa ko ya kama sana'a, ya gwada NDA, ya sa ido kan tallafi da gurbin horon da kamfanoni kan buɗe jefi-jefi. Ɗan shekara 25 ko 28 bai makara ba, tunda har 65 ake aikin.

Kai kuma matashi, kafin ka tayar da hankalin mahaifinka, ka yi abu biyu masu sauƙi. Ka je gwajin likitan, sannan ka nemi matuƙi mai aiki da wanda ya gama yake zaune ba aiki, ka saurari kowannensu da kyau. Idan bayan ka ji duka biyun zuciyarka ba ta sauya ba, sai ka zo wa Baba da lissafi a rubuce, daga kuɗin fom har zuwa kujerar mataimaki.

Allah ya yi wa yaranmu zaɓi mafi alheri, ya sa albarka a abin da iyaye ke nema. Amin.